Ciwon Gaɓɓai da Dogon Jiran Fiɗa: Halin da Majinyata ke Ciki da Abin da Ya Kamata a Yi

Tun ranar 1 ga watan Satumba na shekarar 2024 gomnatin ƙasarmu ta rage rabin kuɗin da ake biya a gidajen likita na hukuma, wato kashi 50 cikin 100 na kuɗin ganin likita, da na kwanciya, da na awon jini, da na ɗaukar hoto, da na aikin fiɗa, kana ta mai da haihuwa kyauta. Talakawa sun yi marhabin da wannan mataki, domin kuwa an daɗe da sanin kuɗin asibiti ya fi ƙarfin aljihun manomi da makiyayi.

To amma akwai wani rukuni na majinyata da ba a cika jin muryarsu ba, saboda cutarsu ba ta kisa farat ɗaya, kuma ba ta yaɗuwa kamar sanƙarau ko ƙyanda balle a yi mata gangami. Su ne waɗanda gaɓar ƙugu ko ta gwiwa ta cinye, likita ya duba hoto ya ce babu sauran magani sai a sauya gaɓar da ta ƙarfe, sa'an nan aka ce su koma gida su jira. Wani jiran kuɗi yake yi, wani jiran isowar ƙarfen, wani kuwa jiran takardarsa ta fito daga wani ofis. A kan waɗannan bayin Allah za mu yi magana yau: mece ce cutar, me ke tsawaita jiran, me jiran ke ci musu, kuma me ya rage ga majinyaci da danginsa da hukuma.

Cuta ɗaya ce ko da yawa?

Mu da aikinmu shi ne juya takardun hukuma daga Faransanci zuwa Hausa, mun sha karo da wata matsala a nan. Likita yana da suna dabam ga kowace cutar gaɓa, alhali Bahaushe yakan tattara su duka ya ce sanyi ne, ko amosanin ƙashi. Idan aka ce wa mutum sanyi ke damunsa, sai ya zaci da zarar hunturu ya wuce, ko ya sha jiƙo, sanyin zai fita. Saboda haka ya kamata a rarrabe.

Gaɓar ƙugu tana kama da kan taɓarya cikin turmi. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana juyawa cikin wani gurbi da ke jikin ƙashin kwatangwalo. Allah ya lulluɓe kan ƙashin da cikin gurbin da guringuntsi mai santsi, irin wanda kowa ke gani a ƙarshen ƙashin rago. Haka nan gwiwa take da nata guringuntsi. Idan wannan shimfiɗa ta zaizaye, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, gaɓar ta kumbura, ta sandare da safe, ta yi zogi bayan tafiya, daga bisani ta hana barci. Guringuntsin da ya ƙare ba ya sake tsirowa, kuma babu ƙwaya ko jiƙo da ke mai da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyon 528 ke fama da wannan zaizayewar gaɓɓai a duniya, wato ninki biyu da ƴan kai na adadin shekarar 1990. Miliyon 365 daga cikinsu a gwiwa ciwon yake. Mafi yawansu sun haura shekara 55, kuma 6 cikin kowane 10 mata ne. Wannan ba zai ba mu mamaki ba, mu da muke ganin uwayenmu mata suna daka da surfe, suna jan guga, suna ɗauko ruwa da itace a ka tun suna ƴan mata har furfura.

Sai dai a ƙasarmu akwai abin da ya bambanta mu da Turai. Can galibi tsoho ne ke jiran sabon ƙugu, nan kuwa sau da yawa saurayi ne ko budurwa. Babban dalili shi ne cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da emasi. Ƙwayoyin jinin mai emasi sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma kan ƙashin cinya na daga cikin wuraren da jijiyoyinsu ba su da yawa. Idan jini ya daina isa gare shi sai ƙashin ya mutu, ya riƙa rubzawa a hankali har ya baje. Yaro mai shekara 18 ko 20 sai a gan shi yana ɗingishi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Hukumomin lafiya suna ƙiyasin kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ƴan Nijar yana ɗauke da irin wannan cuta a jininsa ba tare da ta kwantar da shi ba. Idan mai irin ya auri mai irin, kowane ciki da matar ta ɗauka yana da kasadar ɗaya cikin huɗu na a haifi mai emasi.

Bayan emasi akwai hatsarin mota da na kabu-kabu, inda karaya ta shiga cikin gaɓa ko aka yi mata ɗori a karkace. Akwai tarin fuka da ke sauka a ƙashi. Akwai ƙwayoyin sa ƙiba da ake saye hannun masu talla, irin su deksametazon, waɗanda yawan shan su ke kashe kan ƙashin cinya kamar yadda emasi ke yi. Ba mu manta ba kuma da yaran Tibirin Gobir da ruwan famfo mai yawan sinadarin fulor ya lanƙwasa wa ƙafafu tsakanin shekarun 1980 da 2000. Yau sun zama manya, kuma ƙafar da ta lanƙwashe tana saurin cinye gwiwa.

Yadda aikin sauya gaɓa yake

Wani likitan Ingila mai suna John Charnley ne ya daidaita wannan aiki a shekarar 1962, a asibitin Wrightington. Ana yanke kan ƙashin da ya lalace, a soka sandar ƙarfe cikin ɓargon ƙashin cinya, a ɗora mata ƙwallon ƙarfe ko na tangaran, sa'an nan a gyara gurbin a sa masa wani ƙoƙo mai rufin roba mai tauri. Wani lokaci da siminti na musamman ake kafa su, wani lokaci kuma a bar ƙashi ya kama ƙarfen da kansa. Wannan gaɓar ƙira ita likitoci ke ce wa purotez. A gwiwa kuwa, ana fere fuskokin ƙasusuwan ne a yi musu hular ƙarfe, a sa faifan roba tsakaninsu.

Sakamakon aikin yana da kyau ƙwarai. Majinyaci yakan miƙe tsaye kwana ɗaya ko biyu bayan fiɗa, ya yi tafiya da sanduna, cikin mako 6 zuwa wata 3 ya koma ga mafi yawan harkokinsa. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa bayan shekara 25, wajen 58 cikin 100 na ƙugun da aka sauya suna nan suna aiki, na gwiwa kuwa wajen 82 cikin 100. A nan ne matsalar matashi take: tsoho mai shekara 70 ƙarfe ɗaya zai ishe shi, amma ɗan shekara 22 sai ya sa a ransa cewa wata rana za a sake buɗe shi, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada. Shi ya sa likita kan jinkirta wa yaro da gangan, har sai zogi ya fi ƙarfin magani. Wannan jinkiri na hikima ne, kada a haɗa shi da jinkirin rashi.

Aikin kuma yana da sharuɗɗa. Yana bukatar ɗakin fiɗa mai tsafta matuƙa, domin idan ƙwayoyin cuta suka zauna kan ƙarfe, allura da ƙwaya ba su cika fid da su ba, sai an sake buɗewa. Yana bukatar ƙarafa masu girma iri-iri a ajiye, domin ƙashin kowa da awonsa. Yana bukatar likitan sa barci, da jini a tanade, da wuta wadda ba ta ɗaukewa, da ma'aikacin motsa gaɓɓai, wanda ake ce wa kine, da zai koya wa majinyaci tafiya. Ga mai emasi sharuɗɗan sun fi tsanani, domin sanyi ko ƙishirwa ko ƙarancin iska a lokacin fiɗa na iya tayar masa da ciwo, kuma sau da yawa sai an ƙara masa jini.

Me ke tsawaita jiran?

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai ne ke jira. A Ingila, inda gomnati ke ɗaukar kuɗin jiyya, ƙa'ida ta ce kada majinyaci ya wuce mako 18 bai fara samun magani ba, amma a watan Satumba na 2023 takardun masu jira sun kai wajen miliyon 7 da dubu 700, kuma masu ciwon ƙashi da gaɓɓai su suka fi yawa a ciki. Bambancin shi ne can majinyaci ya san sunansa na cikin jeri, ya san layi na tafiya ko da a hankali ne. Nan kuwa da yawa ba su shiga kowane jeri ba, suna gida ne kawai suna tara kuɗi.

Dalili na farko shi ne ƙarancin ma'aikata. Likitocin fiɗar ƙashi ƴan ƙasa suna yin wannan aiki, kuma an samu ci gaba tun da aka buɗe babban asibitin ƙwararru na Yamai mai gado 500 a shekarar 2016, da irinsa na Maraɗi, ban da manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. Amma jama'ar da ƙidayar 2012 ta samu miliyon 17 yau ta haura miliyon 25, likitocin ƙashi kuwa ƴan kaɗan ne, mafi yawansu a Yamai. Su ɗin ma karaya ta gaggawa ke cinye musu yini. Idan aka kawo wanda mota ta take, dole a ɗaga ranar mai ciwon ƙugu, kuma babu mai ganin laifin likita a kan haka.

Na biyu shi ne kuɗi. A ƙasashen yankinmu, kuɗin ƙarfen da na aikin da na magani idan aka haɗa yakan haura miliyon guda na sefa. Albashi mafi ƙanƙanta a ƙasarmu jika 42 ne a wata tun farkon 2024. Ke nan leburan da ke karɓar wannan albashi sai ya tara na kusan shekara biyu, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa miliyon guda. Ragin Satumba 2024 ya sauƙaƙa kuɗin hoto da gado da aikin likita, amma ƙarfen kaya ne da ake ƙerawa a waje, kuma dokar ƙasarmu ba ta isa masana'antar da ke yanke masa farashi. Manomin da ba shi da inshora, sai ya sai da shanu ko ya jinginar da gona.

Na uku shi ne nisa. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi wajen 660, daga Tawa wajen 550. Mai ciwon ƙugu zaman awa ɗaya a mota azaba ne gare shi, balle yini guda. Ba kuma tafiya ɗaya ba ce: akwai ta ganin likita, da ta awo, da ta fiɗa, da ta komawa dubiya, kowace da ɗan rakiya da kuɗin masauki. Wannan ne ya sa wasu mutanen Maraɗi da Damagaram kan nufi asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda ya fi musu Yamai kusa.

Na huɗu shi ne hanyar shigowar kaya. Ƙasarmu ba ta da gaɓar teku. Lokacin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba mana takunkumi bayan 26 ga Yuli 2023, har zuwa ɗage shi a watan Fabrairu 2024, kowa ya ga yadda magunguna da kayan asibiti suka yi wuya. Darasin da ke ciki shi ne asibitin da ke odar ƙarfe ɗaya-ɗaya, sai majinyaci ya biya tukuna, kowace tangarɗa a hanya tana komawa kan mai ciwo.

Akwai kuma fita waje neman magani, zuwa Tunisiya ko Maroko ko Turkiyya ko Indiya. Wanda takardarsa ta samu shiga ya dace, amma kuɗin jirgi da masauki da asibitin waje na mutum ɗaya zai iya yi wa mutane da dama aiki a gida.

Abin da jira ke ci

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma gaɓar da ta lalace ba ta tsayawa inda take don mai ita ya yi haƙuri. A shekarar 2019 likitocin birnin Edimbara na ƙasar Sikotland sun auna halin rayuwar masu jiran wannan fiɗa, suka samu 19 cikin 100 na masu jiran ƙugu, da 12 cikin 100 na masu jiran gwiwa, suna cikin matsayin da ma'aunin likitoci ke lissafawa ya fi mutuwa muni. Waɗannan mutane ne masu gado da kujera da motar asibiti. Sai mai karatu ya kwatanta da wanda ke kwana bisa tabarma.

Da farko jiki ne ke biya. Ƙafar da ba a takawa tsokarta na shanyewa, gaɓar ta ƙage, mutum ya karkata ga ɗaya ƙafar har ita ma ta fara ciwo, baya ya ɗauka. Wanda ya isa ɗakin fiɗa da tsoka a shanye, warkewarsa takan ja lokaci fiye da ta wanda aka yi wa da wuri.

Sa'an nan rayuwarmu ta ƙasa ce. A ƙasa muke zama mu ci tuwo, a ƙasa muke gaisuwa da zaman makoki, a tsugune muke alwala da kewayawa. Duk waɗannan suna neman gwiwa da ƙugu su naɗe sarai. Dattijon da bai iya tsugunawa a salanga sai an riƙe shi, abin da ke cin ransa ya wuce zogi, kunya ce. Da yawa sukan rage ci da sha don kada su yawaita fita, su daina zuwa masallaci da kasuwa, a hankali su janye daga mutane, baƙin ciki ya same su cikin ɗaki.

Gida ma yana biya. Damina ba ta jiran kowa: idan maigida bai iya riƙe hauya ba a watan Yuli, rumbu ne zai nuna a watan Oktoba. Idan uwa ce ta kwanta, ƴarta ake fiddawa daga lakwal ta karɓi daka da rijiya. Ma'aikacin gomnati kuwa yana fama da neman hutun jinya, shugabansa na ganin kamar lalaci ne, tun da ciwon ba ya zub da jini a gani.

Mafi hatsari shi ne maganin kan tire. Mai zogi dare da rana duk abin da aka miƙo masa zai haɗiya. Ƙwayoyin diklofenak da ibuprofen suna rage zafi, amma shan su wata da watanni ba da awo ba yana huda ciki, yana lalata ƙoda, yana tayar da hawan jini. Tramol kuwa yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi. An sha ganin wanda ya fara da ciwon gwiwa ya ƙare da ciwon ƙoda, kuma na biyun ya fi na farkon kisa.

Abin da majinyaci zai yi kafin ranar

Jiran nan ba zaman banza ba ne, lokacin shiri ne. Abu na farko, a riƙe sanda, kuma a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen: mai ciwo a ƙugun dama ya riƙe da hagu, ya jefa sandar tare da ƙafar mai ciwo. Haka ke rage nauyin da ke sauka kan gaɓar. Matashi kada ya ji kunyar sanduna, musamman mai emasi, wanda rage wa ƙashin nauyi ke cikin maganinsa.

Na biyu, a motsa jiki daidai gwargwado. Mai ciwon gwiwa ya kwanta rigingine, ya miƙe ƙafa, ya ɗaure tsokar cinya, ya ɗaga ƙafar kamar taƙi ɗaya, ya ƙirga biyar, ya sauke. Ya yi haka sau goma safe da yamma. Gajeriyar tafiya sau da yawa ta fi doguwa sau ɗaya. Wanda ke kusa da asibiti mai kine, ya je a nuna masa motsin da ya dace da irin ciwonsa. Mai ƙiba ya rage, domin kowane kilo guda da ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin wajen kilo huɗu a kowane taku.

Na uku, a gyara gida. Kafinta na iya huda kujerar katako a ɗora ta bisa ramin salanga, a kafa ƙarfe ko itace a bango na dafawa. A ɗaga shimfiɗa ta bar ƙasa, a samu kujera mai tsawo ta zama da ta alwala. Wannan gyara zai yi amfani har bayan fiɗa, domin likita zai hana tsuguno da naɗe ƙafa na wasu makonni. Game da salla kuwa, malamanmu sun yi bayani cewa wanda bai iya tsayuwa ko sujada ba yana da izinin yi a zaune gwargwadon ikonsa. Addini bai ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Na huɗu, magani daga hannun likita, saye kuma a farmasi. Farasetamol kada ya wuce giram 3 a yini, wato ƙwaya 6 masu miligiram 500, sai da izinin likita. Ruwan ɗumi a tsumma na sassauta gaɓar da ta sandare. Wanda aka yi wa allura cikin gaɓa ya faɗa wa likitan fiɗa, domin ana so a samu aƙalla wata 3 tsakaninta da aiki.

Na biyar, a kiyaye fata. Maɗori yana da ranarsa, amma nan ba karaya ba ce balle a ɗora. Sakiya da tsaga da ƙaho bisa gaɓar da za a yi wa aiki suna buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta, kuma gyambo ɗaya na iya sa a ɗaga fiɗa. Haka nan a yi maganin ruɓaɓɓen haƙori, a daidaita sukari da hawan jini, a bar taba. A adana hotuna da takardu cikin jaka ɗaya, a shirya ƴan uwa masu ba da jini tun da wuri. Idan gaɓa ta kumbura da zazzaɓi, ko ƙafa ta ƙi takuwa kwatsam, kada a jira ranar alkawari, a tafi asibiti nan take.

Abin da ya rage ga hukuma

Wani zai ce, ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kashe yara, ina ta ga sukunin ƙugun ƙarfe? Maganar tana da nauyi, kuma ba mu ce a ɗauke kuɗin rigakafi a sayi ƙarfe ba. Amma matashi mai shekara 25 da aka miƙar zai yi noma ko koyarwa shekara talatin, ya ciyar da yaran nan da ake son ceta. Wanda aka bari kwance kuwa, shi da mai jinyarsa duka an rasa aikinsu. A Abuja a shekarar 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga kiwon lafiya, kuma ƙasarmu, kamar mafi yawan maƙwabtanta, ba ta cika wannan awo ba. Duk da haka akwai matakan da ba su bukatar dukiya mai yawa.

A buɗe rajista ɗaya ta masu jiran sauya gaɓa a kowace jaha, mai suna da shekaru da tsananin ciwo da ranar shiga. Da ita ne ministan kiwon lafiya zai san yawan ƙarfen da ƙasa ke bukata a shekara, kuma da ita ne talaka zai tabbata ba a tsallake shi don ba shi da kowa ba. A riƙa sanar da majinyaci ta waya idan an ɗaga ranarsa, kada ya yi kilomita 900 ya tarar da ƙofa a rufe.

A sayi ƙarafan a dunƙule ta hannun ofishin magunguna na ƙasa, ONPPC, ko wata kafa ta hukuma, domin mai sayen ɗari ba farashinsa ɗaya da mai sayen guda ba. Wani kaso na kuɗin fita waje a juya shi ga wannan tanadi, da horar da likitocin ƙashi da na sa barci da ma'aikatan kine, a kuma ba su dalilin zama a Tawa da Damagaram da Difa. Ayarin likitocin waje da kan zo su yi aiki na ƴan kwanaki abin godiya ne, sai dai a sa sharaɗin su yi tare da namu, domin baƙo zai tafi, mai gyara ƙarfen bayan shekara goma ɗan gida ne.

A tare cutar tun daga tushe. Cibiyar kula da masu emasi ta ƙasa tana Yamai, ya kamata aikinta ya isa kowace jaha. Duk mai emasi da ya yi kukan ciwon matsematsi ko ɗingishi a aika shi hoto da wuri, domin kafin kan ƙashin ya baje akwai ƙaramin aiki na huda shi da kan iya jinkirta babban. Awon jini kafin aure kuma ya zama al'ada. Limamai da sarakuna da iyaye su ne za su sa a karɓe shi ba tare da tozarta kowa ba. Ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa wannan cuta tun 2008, dama ce ta yin wannan kira a Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara. A tsananta sa ido kan masu tallar ƙwayoyi a kasuwanni da tashoshi, a kuma matsa wa masu babura su kiyaye dokar hanya.

Daga ƙarshe, kira ga ɗaliban yaƙi da jahilci. Ku da Allah ya ba ku karatu, kowannenku ya san wani a garinsu da ya daina fitowa dandali saboda gwiwa ko ƙugu. Ku karanta masa wannan shafi, ku taimake shi ya gane takardar likita, ku nuna masa hannun da ake riƙe sanda, ku haɗa shi da kafinta. Ma'aikatan hukuma kuma, duk wanda takardar irin wannan majinyaci ta biyo ta teburinsa, ya tuna kowane mako da ta kwana a aljihun tebur, mai ita bai yi barci ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa likitocinmu basira, ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu. Amin.